Ko Kun Sani? Dawa Ta Taɓa Rikita Masana

Ko kun san cewa a shekarar 1936 wani masanin tsirrai ɗan Ingila, J. D. Snowden, ya kasa dawar da ake nomawa a duniya zuwa jinsi 31, kowanne da sunansa na Latin? Ya bi siffar zangarniya da ta tsaba daki-daki, amma lissafin ya ƙi zama. Dalili kuwa, dawa ba ta san iyakar gona ba: iska na kwashe garin furen wannan ta kai wa waccan, sai a samu ruwa-biyu. Ga kuma manomi da ke ware zangarniyar da ta yi masa ya rataye don iri, shekara da shekaru.

Sai a 1972 Harlan da de Wet, masu bincike a Amurka, suka rage wahalar. Duk jinsi ɗaya ne, Sorghum bicolor, mai manyan rassa 5 da gauraye 10. Farafara ta faɗa reshen "guinea" mai sakakkiyar zangarniya. Kaura kuwa, mai dunƙulallen kai da tsaba rawaya, ba ta samu reshe nata ba. Cikin gaurayen aka saka ta.