Ƙaramin harsashin .22: ya isa mutum ya kare kansa da shi?

A Amurka, inda doka ta ba farar hula damar mallakar ƙaramar bindiga, akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin fistol ko libarba mai cin harsashin .22 ta isa mutum ya kare kansa? Wasu na cewa wannan ai bindigar harbin gwangwani ce da zomaye. Wasu kuma su ce to in wasa ce, wa zai yarda ya tsaya a gabanta? Abin da ke hana su fahimtar juna shi ne, tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ɗaya ita ce ko harsashin yana kisa. Ɗayar kuma ita ce ko yana dakatar da mai kawo hari nan take, kafin ya yi ɓarna. Mai kare kansa amsar ta biyun yake bukata.

Abin da ya faru a birnin Washington ranar 30 ga Maris, 1981 ya nuna bambancin ƙarara. John Hinckley ya yi harbi shida da wata libarba mai araha, Röhm RG-14 mai cin .22, a ƙofar otal ɗin Hilton. Kakakin fadar shugaban ƙasa James Brady, wanda harsashi ya samu a ka, ya faɗi nan take. Shi kuwa Shugaba Ronald Reagan, harsashin ya daki jikin mota ne ya karkato, ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya tsaya a huhu kusa da zuciya. Bai ma san an harbe shi ba. Ya ɗauka haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da mai tsaronsa ya tura shi cikin mota. Da ƙafarsa ya taka zuwa cikin asibitin Jami'ar George Washington kafin ya yanke jiki, alhali jini na zuba a cikin ƙirjinsa, har ya rasa kusan rabin jinin jikinsa. Dattijo ne fa mai shekara 70. Bindiga ɗaya, harsashi iri ɗaya, amma ɗaya ya faɗi a daƙiƙar farko, ɗaya kuma ya yi mintuna da hankalinsa da ƙarfinsa.

To mene ne shi wannan .22 ɗin? Lambar faɗin harsashin ce a ma'aunin inci, wato milimita 5.7 ko kusa da haka, bai kai kaurin fensir ba. Wanda aka fi sani, .22 LR, kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau yana cikin harsasan da aka fi ƙerawa a duniya saboda arharsa. Yana cikin dangin da Amurkawa ke kira rimfaya, wato mai kama wuta ta gefe, dabarar da ta samo asali daga wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, a 1845. A irin wannan harsashi, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin leɓen da ya zagaye gindin kwanson. Idan aka ja kunama, wani ɗan tsinken ƙarfe ne ke dukan leɓen ya murƙushe shi, wuta ta tashi. Sauran harsasai irin su 9mm kuwa suna da ɗan ƙoƙon sinadarin ne daban a tsakiyar gindi.

Wannan ɗan bambancin shi ya ƙayyade komai. Tunda dole tsinken ya iya murƙushe leɓen, dole kwanson ya zama siriri mai laushi, kuma siririn kwanso ba ya jure matsin iskar albarushi mai yawa. Shi ya sa harsasan rimfaya na yau duk ƙanana ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kan harsashin .22 LR na yau da kullum nauyinsa giram 2.6 ne, kuma daga gajeren bututun fistol yana fita da gudun da bai wuce mita 290 a daƙiƙa ba, ko kusa da haka. Ƙarfin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, wanda ya ba mu jul 110 kenan. Shi kuwa 9mm mai giram 8 da gudun mita 360 a daƙiƙa, ya haura jul 500. Kusan ninki biyar.

Amma kada wannan ya sa a ɗauka babban harsashi yana cilla mutum baya kamar yadda ake gani a fim. Ƙarfin turi nauyi ne sau gudu, kuma ko na 9mm bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙwallon ƙafar da aka buga da matsakaicin ƙarfi ba. In da harsashin zai iya kayar da wanda ya sama da turi kawai, da ya kayar da mai harbin ma, dokar Newton ta uku kenan. Saboda haka abin da ke dakatar da mutum yana cikin jikinsa ne. Idan harsashi ya lalata ƙwaƙwalwa ko saman laka, mutum zai faɗi nan take, ko da wane irin harsashi ne. Idan kuma ya huda zuciya ko babbar jijiyar jini, sai jini ya zuba har ƙwaƙwalwa ta rasa iskar oksijin, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Wani rahoto da jami'in FBI Urey Patrick ya rubuta a 1989 ya yi bayanin cewa ko an lalata zuciya gaba ɗaya, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa na iya ba mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yana abin da ya yi niyya. Ƙirga goma sha biyar a ranka ka ga tsawonsu ga wanda ake bi da wuƙa. Sai kuma hanyar da ta fi kowace yawan faruwa: maharin ya ga bindiga, ko ya ji ƙara, ko ya ji zafi, ya fasa da kansa. A nan girman harsashi ba shi da wani tasiri sosai. Sai dai ba abin dogaro ba ne, domin wanda ya sha ƙwaya ko ya riga ya sadaukar da ransa ba lallai ya fasa ba.

Wannan rahoto na FBI yana da dalili. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an hukumar sun yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu a Miami. Tun a farkon artabun wani harsashin 9mm ya shiga ta hannun ɗaya daga cikinsu, Michael Platt, ya wuce ƙirji, ya tsaya saura ƙiris ya kai zuciya. Raunin na ajali ne, amma Platt ya ci gaba da harbi har ya kashe jami'ai biyu. Bayan nan ne hukumar ta kafa ma'auninta: harsashin da za ta amince da shi sai ya nutse inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46, a cikin jelatin na gwaji. Wannan wani daskararren abu ne mai kama da tsokar jiki wajen tauri, wanda likitan sojan Amurka Martin Fackler ya daidaita yadda ake haɗa shi. Mai karatu zai ce ai ƙirjin mutum bai kai santimita 30 ba daga gaba zuwa baya. Haka ne, amma jelatin ba shi da ƙashi ba shi da fata, kuma mahari ba ya tsayawa cak kamar mai ɗaukar hoto. Harsashi na iya bi ta hannu, ta riga mai kauri, ko ta gefe.

A nan ne .22 ke shiga tsaka mai wuya. Ɗan ƙarfin da yake da shi bai isa ya yi aiki biyu ba. Idan mai ramin baki ne wanda ke buɗewa kamar laima a cikin jiki, yakan ƙare ƙarfinsa kafin ya kai zurfin da ake so. Idan kuma bai buɗe ba, zai iya kai zurfin, amma ramin da zai bari siriri ne, jini ya riƙa fita a hankali. Ƙashi ma na iya karkatar da shi saboda rashin nauyi. Harsashin 9mm na zamani yana iya buɗewa kuma ya kai zurfin a lokaci guda.

Me alƙaluma suka nuna? Anthony Braga da Philip Cook sun duba harbe-harben da aka yi a Boston daga 2010 zuwa 2014, suka wallafa sakamakon a mujallar JAMA Network Open a 2018. Sun gano cewa yiwuwar mutuwa ta ninka fiye da sau biyu idan matsakaicin harsashi ne irin 9mm, ta kuma ninka fiye da sau huɗu idan babba ne, in aka kwatanta da ƙanana irin .22. Sai dai mutuwa suka auna, ba dakatarwa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin auna dakatarwar shi ne Greg Ellifritz, wani ɗan sanda a Ohio, da ya tattara bayanan harbi kusan 1,800. A lissafinsa, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka harba da .22 ba su dakata ba komai yawan harsashin da ya same su, a 9mm kuwa kusan ɗaya cikin takwas ne. Ni dai ina ɗaukar wannan da taka-tsantsan, domin aikin mutum ɗaya ne, bai bi ta hannun masu tantance bincike ba. Amma ya dace da abin da lissafi da jelatin suka nuna.

Akwai kuma matsalar ƙin tashi. A masana'anta, ana zuba sinadarin kunnawa ne a cikin kwanso sannan a juya shi da sauri don ya bazu cikin leɓen. Idan wani wuri bai samu ba, kuma tsinken ya faɗa daidai nan, shiru za a ji. Kan harsashin .22 LR kuma ana shafe shi da kakin da ke kwasar ƙura, ga leɓen kwanson da kan sarƙe da na ƙasansa a cikin gidan harsashin fistol. A libarba abin ya zo da sauƙi, in ɗaya ya ƙi sai a sake jan kunama ta juyo na gaba, amma kunamarta kan yi tauri saboda ana bukatar duka mai ƙarfi a leɓen.

Duk da haka masu goyon bayan .22 na da hujja mai ƙarfi. Harsashin da bai samu komai ba, girmansa bai amfana da komai ba. Ita .22 kusan ba ta dukan hannu, ƙararta ba ta firgita mai harbi kamar manyan, kuma arhar harsashinta na ba mutum damar yin atisaye da yawa. Tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi da ba za ta iya riƙe 9mm ba, amma tana iya saita .22 yadda ya kamata, ba a yi mata adalci ba in aka ce ta ɗauki babbar. A ganina, amsar ita ce: .22 makami ne mai kisa ba tantama, da ita aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, kuma za ta kori yawancin maharan da kowace bindiga za ta kora. Inda take gazawa shi ne a kan wanda ya ƙi fasawa, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ga wanda hannunsa ke iya ɗaukar wadda ta fi ta, ba ta isa zaɓin farko ba.

Wani abin da muhawarar kan tsallake shi ne haɗarin ajiye bindigar kanta a gida, ƙarama ko babba. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka duk shekara, su ne suka harbi kansu. Binciken David Studdert da abokan aikinsa a kan miliyoyin mazauna California, wanda ya fito a New England Journal of Medicine a 2020, ya nuna mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun fi waɗanda ba su da ita yawan kashe kansu da bindiga kusan sau takwas. Ita .22 kuma, da yake ba ta da nauyi kuma ana mata kallon ta wasa, ƙaramin yaro ma na iya harba ta.

Ga mai karatu a Najeriya kuwa, doka ta riga ta yanke magana. Dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba, komai ƙanƙantar harsashinsu, cikin haramtattun makamai da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.