Reno da Wariyar Launin Fata a Ƙagaggun Labarai: Nazari Ta Fuskar Harshe

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi shaƙuwar da ke tsakanin yaro da wanda ya rene shi idan launin fatarsu ya bambanta. Manufar ita ce a nuna cewa harshen da taurari ke amfani da shi yakan tona iyakar wannan shaƙuwa. An ɗauko misalai biyu daga adabin Amurka, sannan aka kwatanta su da ɗaya daga adabin Hausa.

2.0 Sauya Harshe

A littafin Harper Lee, To Kill a Mockingbird (1960), Scout ta rasa mahaifiyarta tun tana shekara biyu, saboda haka Calpurnia, baƙar fata mai aiki a gidansu, ita ce ta tarbiyyantar da ita, har ta koya mata rubutu. Duk da haka, sai ranar da Calpurnia ta kai yaran cocin baƙaƙe Scout ta ji ta tana magana da karin harshen mutanenta, abin ya ba ta mamaki. Wannan ya nuna cewa mai renon ta san yarinyar ciki da bai, ita kuwa yarinyar rabin rayuwar mai renon kawai ta sani.

3.0 Sunan Kira

Toni Morrison, a The Bluest Eye (1970), ta dubi lamarin daga gidan mai renon. Pauline tana aiki a gidan wasu farare, inda ƙaramar 'yarsu ke kiranta Polly, alhali 'yar cikinta Pecola Misis Breedlove take ce mata. Watau sunan kusanci ya koma bakin bare, na nesanta kuma ya rage wa ɗiya. Da Pecola ta kifar da abinci mai zafi a ɗakin girkin gidan har ta ƙone, Pauline dukanta ta yi, sannan ta juya tana lallashin 'yar masu gida. A nan mai karatu yake ganin wadda ta biya kuɗin wannan reno.

4.0 Shaihu Umar

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933, tsarin ya juya. Yaron ne mara galihu, mai renon kuwa Abdulkarim, Balarabe mai hali, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Umar da kansa ke ba da labarin, kuma cikin godiya yake ambaton uban riƙonsa. Amma mahaifiyarsa, wadda ta fita nemansa, cikin bauta ta faɗa, kuma ba ta daɗe ba bayan haɗuwarsu ta rasu.

5.0 Kammalawa

A dukkan littattafan uku ƙaunar gaskiya ce, sai dai ba ta rushe bambancin matsayi ba. Idan yaron da aka rena ke ba da labari, alheri ne ke fitowa fili. Idan aka leƙa ɗaya gidan, sai a tarar da ɗa ko uwa da aka raba da nasu. Ya kamata manazarci ya lura da mai magana, da harshen da ya zaɓa, da sunan da yake kiran wanda ya rene shi.