Baƙin mai gubar rijiya ne

Ƴan'uwa, a wurin aikin hanya ko na gini, gazuwal da baƙin man motoci sukan zuba ƙasa. Nan Tsarnawa, ruwan sama yana iya wanke su zuwa kwarin Magiya, wajen rijiyoyinmu da garaken albasa. Lita 1 ta baƙin mai tana iya ɓata ruwa lita miliyan 1.

Ga abin yi:

1. A aje gangar mai bisa daɓen siminti, nesa da rijiya.
2. A tara kwano kafin a juye man inji.
3. In ya zuba, a rufe da rairayi, a kwashe cikin ganga. Kar a kora shi da ruwa.
4. A shaida wa shugaban aiki da maigari.

Rigakafi ya fi magani.