Minti 80 a ƙarƙashin ruwa: shin katin nutso zai yi aiki a tafkin Kainji?

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An kwashe kwanaki ana tsamo gawarwaki, sama da 70, kuma akasarin aikin masunta da 'yan nutso na gargajiya ne suka yi shi, da huhunsu kawai da igiya.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da jirgi ya kife tsakanin Yauri, Shanga da Ngaski, sai ka ji ana cewa a saya wa matasa kayan nutso na zamani, a tura su kwas su samo satifiket. Shawara ce mai kyau. Amma ni aikina rubuta manhaja ne, na saba da tambayar abin da ke bayan allo. Shi ya sa na zauna na duba ainihin abin da ke cikin wannan satifiket.

Abin da fayil ya nuna

Wani abokina ya yi kwas ɗin nutso a wata ƙasar waje, ya dawo da kati mai hotonsa. Ya turo min fayil ɗin da kwamfutar nutso, wato agogon da ake ɗaurawa a hannu, ta adana masa. Na buɗe shi da Subsurface, manhaja ta kyauta wadda Linus Torvalds, mai Linux, ya fara rubutawa a 2011 saboda shi ma mai nutso ne. Manhajar tana zana maka layin tafiyarka: zurfi daga sama zuwa ƙasa, lokaci daga hagu zuwa dama.

Nutso huɗu ne a fayil ɗin. Babu wanda ya kai minti 25. A dukkansu layin ya sauka zuwa kusan mita 6, ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula, sannan ya hau. Na tambaye shi dalili. Ya ce ai durƙusawa suka yi a kan yashi, malami yana bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire tabarau ya mayar, ya cire abin shaƙa ya mayar, sai a hau sama. Ke nan rabin lokacin ma jiran layi ya yi.

Ba a cuce shi a takarda ba. Ƙa'idar ce ta ba da wannan dama.

Me ƙa'ida ta ce?

PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce mafi girma cikin ƙungiyoyin da ke ba da irin wannan kati. A kwas ɗinta na farko, Open Water Diver, ɗalibi zai yi karatu, ya yi darasi biyar a kwamin wanka ko ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Kafin a lissafa nutso a matsayin na horo, dole a yi akasarinsa a zurfin mita 5 ko fiye, kuma ɗalibi ya kai minti 20 ko ya shaƙi lita 1,400 na iska. Biyun farko ba sa wuce mita 12, biyun ƙarshe ba sa wuce mita 18. Ba a yin fiye da uku a rana ɗaya. Malami ɗaya yana iya riƙe ɗalibai har takwas.

To, mai karatu, buga lissafi. Huɗu sau ashirin, minti 80. Da ƙasa da awa ɗaya da rabi a ƙarƙashin ruwa mutum zai karɓi katin da ke cewa zai iya nutsawa zuwa mita 18 shi da abokinsa ba tare da malami ba.

Kada a ce iska ce ke ƙarewa. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana cin kusan lita 11, ana dura mata iska zuwa ma'aunin ba 200, wato kusan lita 2,200. Mu ɗauka sabon shiga yana shaƙar lita 20 a minti a doron ƙasa. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na sararin sama guda. A mita 6 matsin ya zama 1.6, sai shaƙarsa ta koma lita 32 a minti. Minti 20 zai ci lita 640, ko sulusin tukunya bai kai ba. Ko an ware lita 550 na ko-ta-kwana, yana da iskar da za ta kai shi minti 50. Idan aka fito da shi a minti 21, agogon makaranta ne ya fito da shi.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan. Shirinka yana iya cin duk gwajin da ka rubuta masa, ranar da ya haɗu da mutane na gaske ya faɗi warwas. Mafi ƙarancin ƙa'ida ƙofar shiga ce kawai.

Ruwanmu ba irin nasu ba ne

An tsara wannan kwas ne don masu yawon shaƙatawa a ruwa garau, inda kana hango abokinka daga nesa. Tafkin Kainji wani abu ne daban. An kammala madatsar a 1968, ruwan ya cika ya shafe garuruwa da gonaki da tsibirai, har da tsohuwar Bussa, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Tafkin ya kai kusan kilomita 135 a tsawo, kuma kusa da madatsa zurfinsa ya doshi mita 60. Itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a tsaye a ƙasa. Su ne ke fasa jirage, su ne kuma ke riƙe tsofaffin komaye da kalli da mamari da masunta suka rasa.

Ga kuma launin ruwan. Da damina, daga wajen Agusta, farin ruwa yana zuwa da laka, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa, balle allon agogonsa. A ɓangaren Yauri da Shanga, inda Kwara ke shigowa, ruwan yana da ja. Wanda ya koyi cire tabarau a durƙushe kan farin yashi bai taɓa sanin yadda ƙugiya ke kama tiyon iska cikin duhu ba. A ƙasashen da suka tsara abin, neman mutum a ruwa mai duhu fanni ne mai kwas nasa: mai nutso ɗaya a ƙasa ɗaure da igiya, mai riƙe igiya a sama suna magana ta hanyar ja, wani kuma a shirye da kaya don ceto shi. Ko ƙwararre ba ya tsira da sakaci ko rashin sa'a. A 2018 Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu a kogon Tham Luang yana kai tukwanen iska a aikin ceton yaran nan 'yan ƙwallo.

Haɗarin da ya fi shafar gwanaye

Akwai abin da ya fi tayar min da hankali. Sarkawa da Gungawa sun fi kowa sanin wannan ruwa, kuma su ya kamata a fara ba kayan aiki. Sai dai gwanintarsu ta ginu ne a kan riƙe numfashi. Dokar farko ta nutso da tukunya kuwa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi.

Dalilin a fili yake. Wanda ya cika huhu a sama ya nutsa, iskar tana matsewa, in ya dawo ta koma yadda take. Wanda ya cika huhu daga tukunya a mita 10, ya taso bai fitar ba, iskar za ta ninka biyu kafin ya iso sama. Huhu yana iya tsagewa, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Hakan na iya faruwa ko a ruwan da bai fi tsayin mutum biyu ba. Ɗabi'ar da jiki ya saba da ita shekara ashirin ba ta gushewa a minti 80, musamman a lokacin firgici, lokacin da jiki ke komawa ga abin da ya sani.

Na'ura za ta iya cike giɓin?

Wani ɓangare. Kwamfutar nutso tana auna zurfi da lokaci, tana lissafa yawan iskar naitirojin da jiki ya sha, galibi da tsarin da likitan Suwizalan Albert Bühlmann ya fitar. Tana kuka idan ka taso da sauri fiye da kima. Yau Suunto, Shearwater da Garmin duk suna yin ta, kuma tun 2022 agogon Apple Watch Ultra yana wannan aiki har mita 40 da manhajar Oceanic+. Amma ba ta kwance maka koma daga ƙafa.

Na'urar da ta fi dacewa da mu ita ce mai amsa-kuwwa, wadda ake ɗaura wa jirgi tana aika sauti ƙasa tana zana abin da ke kwance. Irin wadda Humminbird da Garmin ke yi wa masunta tana nuna gefe da gefe. Da ita za a gano inda jirgi ya kwanta kafin a tura ɗan Adam, a rage lokacin lalube.

Babban amfanin kwamfutar nutso a wurina shi ne shaida. Kati yana faɗin an gama kwas. Fayil yana faɗin yadda aka yi shi.

Kafin a biya kuɗin kwas

Duk wanda zai ɗauki nauyin horo, hukuma ce irin NIWA ko HYPPADEC, ƙaramar hukuma ce ko ƙungiyar masu jirage, ya sa waɗannan a yarjejeniya. Kowane nutso na horo ya kai minti 40, rabinsa ana tafiya a tsakiyar ruwa ba a durƙushe ba. Malami ɗaya kada ya wuce ɗalibai huɗu. A miƙa fayil ɗin kowane ɗalibi tare da katinsa. Bayan kati, a ci gaba da kwas ɗin ceto da na nema, a yi su a cikin tafkin nan, a lokacin farin ruwa, da igiya. A tanadi injin dura iska mai tacewa, domin iskar injin faci tana da mai da hayaƙi, guba ce a ƙarƙashin ruwa.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: wanda ya nutse mintoci kaɗan yake da su, mai tukunya galibi gawa yake zuwa ɗaukowa. Rigar kariya da hana lodi fiye da kima su ne ke ceton rai. Amma iyali suna da haƙƙin a kawo musu ɗan'uwansu su yi masa sutura, kuma wanda ya shiga nemansa yana da haƙƙin ya fito da ransa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Wara, ya kiyaye na gaba.