Fizgar da Juyi Ke Haifarwa

Kafin a ƙera faifan ƙarfen da ke juyawa cikin injin jirgin sama, injiniyoyi kan gwada shi a kwamfuta. Sukan rarraba siffarsa zuwa dubban ƙananan gutsattsari, a lissafa yadda kowanne ke miƙewa. Amma akwai abu biyu da kwamfuta ba ta sani ba sai an gaya mata: ƙarfin da ke jan faifan, da wurin da aka riƙe shi.

Abin da ke juyawa, jikinsa ne ke jan kansa. Ɗauki ƙarfe mai kilo 1, a nisan rabin mita daga tsakiya, yana juyi 3,000 a minti: fizgarsa ta kai nauyin kusan tan 5. In aka ninka gudun, fizgar ta ninku sau huɗu. Saboda haka ba a jibga wannan ƙarfi a bakin faifai kawai. Kowane gutsure ake ba rabonsa.

Riƙon ya fi wuyar sha'ani. In ba a riƙe faifan ko'ina ba, lissafin ba ya warwaruwa. In kuwa aka ɗaure ramin tsakiyarsa tamau, an hana shi buɗewar da yake yi a zahiri, sai kwamfuta ta nuna wurin lafiya lau, alhali nan ne ƙarfen ya fi jigata. Daga bakin irin wannan rami ne tsaga ta faro, saboda aibi cikin ƙarfen, a faifan injin jirgin DC-10 da ya faɗi a jihar Ayowa ta Amurka a 1989, mutane fiye da 110 suka rasu.