Gurbin da ba a share ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta

Tun da fadar shugaban Amurka ta fitar da rahotonta na Fabrairun 2024 kan kurakuran ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka yi ta yaɗa cewa an haramta yaren C, kowa ya koma Rust. Shawara rahoton ya bayar, kuma bai ce manhajojin da aka riga aka rubuta da C za su gyara kansu ba. Ɗalibin da ke wucewa ta Ƙofar Kabuga zuwa tsohon matsugunin Jami'ar Bayero, idan ya kunna wayar Android ta kwaikwayo a kwamfutarsa don gwada aikinsa, kan QEMU yake hawa, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a 2003, kuma da C aka gina ta.

Manhajar da aka rubuta da C takan karɓi gurbi a ƙwaƙwalwa ta karanta shi kafin ta rubuta komai a ciki, kamar almajirin da ya ɗauki allon da ba a wanke ba ya biya karatun wani. A manhajar da ke kwaikwayon na'ura abin ya fi muni, domin baƙin kwamfutoci na kwaikwayo da yawa ke zaune kan uwar kwamfuta ɗaya. A 2015 an gano cewa katin sadarwa na RTL8139 da QEMU ke kwaikwaya yana miƙa wa baƙo ragowar bayanan da ba nasa ba.

Wasu za su ce ai da sauƙi, a kunna Valgrind, kayan aikin gano irin wannan kuskure, duk layin da ya yi ƙorafi a kai a cire. Haka wani mai kula da Debian ya yi a 2006: ya toshe layuka biyu a OpenSSL saboda irin wannan gargaɗi. Ɗaya daga cikinsu shi ne ke zuba bazuwar lambobin da ake ƙera makullan sirri da su. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano ɓarnar, bayan kusan shekara biyu ana ƙera makullan da mai kutse zai iya lissafe su kaf. Masu cewa a cika kowane gurbi da sifiri sun fi kusa da gaskiya, domin hakan na hana yoyon bayanai. Amma idan sifirin ba shi ne ƙimar da na'urar asali ke farawa da ita ba, kuskuren yana nan, an dai rufe masa baki.

Don haka bai kamata sassan koyar da kwamfuta a Kano su yaye ɗalibin da bai taɓa bin gargaɗin Valgrind ko MemorySanitizer har tushensa ba. Kayan aikin kyauta ne, lambobin QEMU a buɗe suke, kuma tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji ta isa a yi wannan darasi a zangon karatu na bana.