A Gwada Magani A Kwano Kafin A Ba Majinyaci

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san wahalar maganinsa: amai, zubewar gashi, rama, ga kuma kashe kuɗi. Abin da ya fi zafi shi ne a sha wannan wahala wata da watanni, sa'an nan likita ya ce maganin bai karɓi majinyacin ba, sai an sake wani. Gama maganin da ya taimaki wannan, ba lalle ne ya taimaki wancan ba.

Tun 1951, sa'ad da aka sami nasarar raya ƙwayoyin ciwon daji na mutum a asibitin Johns Hopkins a Amurka, masana sukan shimfiɗa su a gindin kwanon gwaji kamar tabarma, su zuba musu magani. Amma a jikinmu ciwon a dunƙule yake kamar curin fura. Ƙwayoyin da ke tsakiya ba su samun isasshiyar iska, magani kuma da ƙyar yake kai gare su. Wannan na cikin dalilan da magani kan yi aiki a kwano, ya gaza a jiki.

A 2009, Hans Clevers da Toshiro Sato, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, suka sa ƙwayoyin hanjin ɓera cikin wani abu mai kauri kamar koko. Ƙwayoyin suka yi girma ta kowane gefe, har suka zama ɗan ƙaramin hanji wanda bai kai ƙwayar gero ba. A 2011 aka yi haka da ƙwayoyin mutum. Watau yanzu ana iya yanko ɗan tsoka daga ciwon majinyaci, a raya irinsa da yawa, a gwada wa kowanne magani dabam.

A 2018 masana a Landan suka kwatanta sakamakon kwano da na masu ciwon dajin ciki da hanji. Duk maganin da ya gaza a kwano ya gaza a jiki. Wanda ya yi aiki a kwano kuwa, ya yi a jiki kashi 88 cikin 100.

Amma kada mu yi gaggawa. Majinyatan da aka gwada kaɗan ne. A 2019 wani bincike a Holan ya dace a kan maganin irinotecan, bai dace a kan haɗin oxaliplatin ba. Ɗan curin ba shi da jijiyoyin jini, rayar da shi kuma yakan ɗauki makonni, alhali ciwo ba ya jira.

Saboda haka, kafin dabarar ta nuna, wanda ya ji ƙullutu a jikinsa ya je asibiti da wuri.